Wa Zai Sauke Bindigar Obadiya?

Sallau, kashe rediyon nan haka, abin da suke faɗa jiya ma shi suka faɗa. Ku matso kusa. Yau ni ne da magana, kuma in na gama ba wanda zai tashi sai ya faɗi nasa, har kai Malam Ilu, da kullum sai an gama musu kake cewa da ma abin da ke ranka ke nan.

Kun san akwai lokacin da aka tura mu Amurka koyon aikin dabbobi. Ni ba birni aka kai ni ba. Can yamma aka jefa ni, gindin wasu duwatsu da ko da rani kansu fari fat yake da ƙanƙara. Akwai wani tsoho mai kiwon tumaki da nake zuwa yi wa garkensa allura, kuma a bangon ɗakinsa na ga wata doguwar bindigar toka a rataye, tsatsa ta gama da ita. Na ce masa gadon kaka ne? Ya ce a'a, ajiya ce, kuma har yau ba a san wanda za a ba ba. Shi ya ba ni labarin nan. Ko haka aka yi ko an sa masa gishiri, ba zan rantse ba, don maharban can ma bakinsu bai fi na namu nauyi ba. Amma tun ranar da na ji shi bai bar ni ba.

A zamanin da, kafin a yi hanya ko gari a wannan yanki, akwai wasu mutane da ake kira mazan dutse. Sana'arsu kama wata dabbar ruwa ce mai suna biba. Ta fi gafiya girma sosai, wutsiyarta fale-fale, tana sare itace da haƙori ta datse rafi ta yi gida a ciki. Fatarta ake nema, da ita ake yi wa manyan Turai huluna. Mutum sai ya bar uwa da uba ya shiga duwatsun nan shekara da shekaru, ba ya ganin kowa sai abokan tarkonsa da mutanen ƙasar na asali. Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa a wani fili, a sayar da fata, a sayi albarushi da taba, a ji wa ya mutu wa ya rage, sannan kowa ya sake ɓacewa.

Cikinsu akwai wani dattijo, Obadiya. Ya tsufa a dutse har ya manta garinsu. Bai da mata bai da ɗa, sai samari uku da ya tsinta a hanya ya koya musu sana'a. Na farko Jubal, baƙar fata ne irinmu, ya gudo daga bauta, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi harbi. Na biyu Gaspar, daga ƙasar sanyi ta arewa, ya taɓa zama da wani mai aikin wanzanci, don haka hannunsa ya san wuƙa da ɗinkin rauni. Na uku Nazariyo, daga kudu, shi kuma ƙasa yake karantawa. Ya dubi ciyawar da ta kwanta ya gaya maka abin da ya taka ta da inda ya nufa. Dukkansu Baba suke ce masa, shi kuma ya ce musu yarana, ko da yake gemu ya fito wa kowa.

Abu biyu nake so ku riƙe kafin in ci gaba.

Na farko, wata rana a taron shekara Obadiya ya ga wani tsohon abokin sana'arsa da aka yanke wa ƙafa, yana jan jiki tsakanin tantuna ana jefa masa abin da aka rage. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kira Gaspar gefe ya ce, "Kai ne mai wuƙa a cikinmu. Rantse mini, duk abin da ya same ni ba za ka rage mini gaɓa ba. In mutuwa ce, a binne ni cikakke." Gaspar ya kama ɗan gicciyen da uwarsa ta rataya masa a wuya, ya rantse.

Na biyu, mutanen nan suna da wani abu, mu ce rumbun ƙasa. Mutum ba zai iya yawo da duk kayansa ba, sai ya haƙa rami mai ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu, ya zuba busasshen nama da fata da albarushi. Ƙasar da ya haƙo a rafi yake zubar da ita don kada a ga alama. Ya rufe bakin, sannan ya hura wuta a kai ta ci sosai, don toka da ƙauri su kashe warin nama, kada kyarkeci ya shinshino ya tone. Rumbun wani haramun ne. Sai dai in yunwa za ta kashe ka, an yarda ka buɗe ka ɗebi abinci, da sharaɗi: ka bar wani abu naka a ciki don mai shi ya san wanda ya shiga, ka rufe yadda ka tarar, ka kuma hura wutar nan a kai. Rayuwar mai rumbu tana cikin ramin, domin da shi ya yi lissafin hanyarsa ta dawowa.

To, wata shekara sanyi ya yi sammako. Samarin suka ce, "Baba, mu sauka, sama ta canza." Ya ce a bari ya kwashe tarkunan da suka rage a tafkin sama. Taurin kai irin na tsofaffi, Sallau, kada ka dube ni, na san da ni kake.

Shi tarkon biba a cikin ruwa ake kafa shi, a ɗaure sarƙarsa da turke a ƙasan tafki. Obadiya ya taka ƙanƙarar da ta rufe bakin ruwa, ta fashe da shi, ya zurma, ƙafarsa ta hagu ta faɗa cikin tarkon da shi da kansa ya kafa. Ƙarfe ya datse ta a idon sawu, sarƙa ta riƙe shi, ruwa ya kawo masa har haɓa.

Jubal ne kusa. Irin ruwan nan, ku da ba ku san shi ba, in ka sa hannu sai ka ji kamar wuta ce. Tarkon kuma ba ya buɗuwa sai an danne ƙarafansa biyu a lokaci guda. Jubal ya jefar da bindigarsa, ya cire safar hannu don ba ta barin yatsu su kama ƙarfe, ya nutse. Ya taso ba nasara, ya sake nutsewa. Ya yi ta yi har hannuwansa suka daina jin komai, sai da ya sa gwiwa a ɗaya ƙarfen ya danne ɗayan da tafin hannu, tarko ya saki. Ya fito da tsoho, ya goya shi, ya nufi bukkarsu cikin iska da hannuwa jiƙe. Da ya tsaya hura wuta ya gasa hannunsa da ya tsira da shi, amma ya ga tsoho ba zai kai ba. Bayan 'yan kwanaki yatsun hannunsa na dama suka yi baƙi, suka bushe, suka zube, har da wanda yake jan kunamar bindiga da shi. Mutumin da ya gudo daga bauta ya sami abu ɗaya da ake girmama shi a kai, shi ke nan ya rabu da shi. Da ba don Jubal ba, a tafkin nan Obadiya zai ƙare.

Kafin su yi shirin sauka, dusar ƙanƙara ta toshe mashigar dutsen gaba ɗaya. Suna nan a bukka ƙafar tsoho ta kumbura, ta canza launi, ta fara wari. Ni na yi aikin dabbobi, na san warin nan, kuma na san in baƙin ya fara hawa ba ya tsayawa. Zazzaɓi ya kwantar da Obadiya har bai san inda kansa yake ba. Gaspar ya zauna yana kallon baƙin yana matsowa gwiwa. Jubal da Nazariyo suka ce masa ya yi wani abu. Ya ce, "Na rantse masa." Suka ce ba su suka rantse ba, amma su ba su iya ba. Ya fita ya daɗe a tsaye cikin sanyi. Da ya dawo sai ya cire gicciyen daga wuyansa ya ajiye, ya wasa wuƙar fiɗa, ya sa ƙarfe a wuta. Biyu suka danne tsoho, ya yanke ƙafar a ƙasan gwiwa, ya yi mata lalas jini ya tsaya. Zazzaɓi ya sauka. Ranar da Obadiya ya farfaɗo ya miƙa hannu ya laluba, ya ji wayam. Ya dubi Gaspar, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya fuska bango. Daga wannan rana bai sake ce masa uffan ba. Gaspar kuwa bai sake mai da gicciyen wuyansa ba, ya ce wuyan da ya karya rantsuwa bai dace da shi ba. Da ba don Gaspar ba, ruɓar nan ta kashe Obadiya, wahalar Jubal ta tashi a banza.

Sai yunwa ta shigo. Namun daji duk sun gangara ƙasa, mai harbinsu kuma ba yatsu. Suka yanka alfadarinsu suka cinye, suka dafa fata suka sha ruwanta. Majinyaci ba ya warkewa da ruwan fata, tsoho ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Nan Nazariyo ya tuna wani abu. Da kaka, suna wucewa ta wani kwari, ya ga tokar wuta a wurin da mai hankali ba zai yada zango ba, nesa da ruwa, a bakin iska. Ya gane rumbu ne, ya kuma gane na wane ne daga sawun doki: na Lemuwel, wani mai tarko da ke yawo shi kaɗai, wanda ya taɓa raba musu tabarsa. A lokacin ya kawar da kai bai gaya wa kowa ba. Yanzu ya ɗaura faffaɗan takalmin saƙa da suke taka dusar ƙanƙara da shi, ya fita shi kaɗai. Ƙasa duk ta zama fara, ba ciyawa ba sawu, amma ya bi fasalin duwatsu har ya tsaya a kan wurin. Ƙasar ta daskare tamau, sai da ya ƙone duk itacen da ya iya tarawa kafin ta yi laushin haƙa. Ya ɗebi rabin naman, ya bar wa mai shi rabi. Ya zare wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, wadda kowa ya san ta, ya ajiye a ciki. Ya rufe rami. Saura wuta. Ya duba ba busasshen itace ko sanda, hadari kuma ya taso, in ya tsaya nema zai rufe shi a kwarin, tsoho kuwa ba shi da sauran kwana da yawa. Ya tattake bakin ramin da ƙafa, ya tura dusar ƙanƙara a kai, ya ce in Allah ya so zai dawo ya hura. Ya isa bukka rai a hannun Allah, da nama a bayansa. Da naman nan su huɗu suka ga bayan sanyi. Da ba don Nazariyo ba, yunwa ta kashe Obadiya, yatsun Jubal da rantsuwar Gaspar duk sun tafi a iska.

Hadarin bai bar shi ya koma ba sai da ƙanƙara ta fara narkewa. Da ya isa, wasu masu tarko sun riga shi. Kyarkeci sun tone ramin tun tuni sun cinye rabin da ya bari. Shi kuwa Lemuwel ya dawo a ƙarshen sanyi, guzurinsa ya ƙare daidai inda ya lissafa zai ƙare, ya zo wurin rumbunsa ya tarar da rami buɗe. A bakin ramin aka same shi a zaune, ya bushe, wuƙar Nazariyo a hannunsa.

A taron shekara aka ajiye wuƙar a tsakiyar fili. Nazariyo ya tashi ya ce tasa ce, ya faɗi yadda aka yi bai rage komai ba. Ba wanda ya taɓa shi, don sun san yunwa. Amma sun ce buɗe rumbu hakkinsa ne, rashin hura wuta kuwa kisan kai ne. Daga ranar ba wanda ya sake cin abinci a kwano ɗaya da shi, ba ayarin da ya yarda ya bi shi, in ya zauna a bakin wuta sai mutane su tashi ɗaya bayan ɗaya. Ku lura, da bai bar wuƙar ba da ba wanda zai san shi ne. Ya sauka daga dutse, dutsen da ya fi kowa sani, bai sake hawa ba.

Obadiya ya rayu, ya kuma daɗe. Mai ƙafa ɗaya ba ya bin tarko, don haka aka sauko da shi bakin wani kogi inda ake fito, ya zauna a gidan mai kwalekwale, wato kakan kakan tsohon da ya ba ni labarin. Kullum yana kan benci fuskarsa na kallon duwatsu. Jubal ya zama mai jan igiyar fito da hannu ɗaya da rabi. Gaspar ya kafa bukka a ƙetaren kogi, ya sassaƙa ƙafar katako ya aiko da ita ta hannun Jubal. Tsoho ya san wanda ya sassaƙa, ya ɗaura ta, ya yi yawo da ita shekara da shekaru, in ta lalace a aiko da wata, amma ko gaisuwa bai taɓa aikawa ba. Nazariyo yana can wani ƙauye yana yi wa mutane kiwon alfadarai, ba ya ba kowa labarin dutse.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki, ba a jima ba manyan Turai suka daina son hular fata, suka koma ta siliki. Biba ma an kusa ƙarar da ita. Taron shekara ya mutu. Baƙi suka fara kwararowa da kekunan shanu da mata da yara, suna bin hanyoyin da mazan dutse suka gano. Sukan tsaya a mashigi su ga tsoho mai ƙafar katako, ya ba su labarin abin da ya gani da idonsa, su yi dariya su ce ya iya ƙarya. Wallahi na ga irinsa a nan garin da tsofaffinmu.

Da ciwon ajali ya kama Obadiya, ya sa aka kira su ukun. Suka zo da hantsi, kowa furfura ta kama shi. Abin da ya mallaka a duniya bindigar nan ce kawai, kuma a al'adarsu duk wanda dattijo ya ba bindigarsa, shi ne ɗansa, shi za a riƙa kira da sunansa. Ya sa aka ɗora ta a kan bargonsa. Bai kira sunan kowa ba, rufin ɗaki yake kallo, ya ce:

"Shekarun nan da na yi a kan bencin can, ban roƙe su ba. Amma na ci su, na sha rana, na ji ƙamshin ruwa, ba zan ce ban ji daɗin wasu ba. Ba kyauta suka zo ba, daga jikinku aka yanko su. Bindigar nan ta wanda ya fi yin asara ce a cikinku. Ni na kasa rabewa."

Kafin azahar ya cika.

Bayan an binne shi mai kwalekwale ya fito da bindiga ya tsaya a gabansu. Jubal ya ɗaga dungunsa ya ce a ba Gaspar, don shi yatsu kawai ya rasa, tsoho kuwa yana masa magana har ranar ƙarshe, Gaspar ne ya rasa uba yana kallonsa a ƙetaren ruwa. Gaspar ya ce a ba Nazariyo, don shi mutum ɗaya ne ya juya masa baya, Nazariyo kuwa duniyarsa ce kaf ta juya masa, ga gawa a wuyansa. Nazariyo ya ce a ba Jubal, don shi kaɗai ne ya ba da nasa, su biyun kuwa abin wani suka taɓa, ɗaya ƙafar da aka hana shi, ɗaya abincin da ba nasa ba. Sannan ya ƙara da cewa, in gaskiya ake so, wanda ya fi kowa asara yana can bakin rami a zaune, kuma shi ba a ma tambaye shi ba.

Ba wanda ya miƙa hannu. Mai kwalekwale ya rataye ta ya ce duk ranar da suka daidaita su zo su ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu ba wanda ya zo. Gidan ya tashi daga bakin kogi, bindiga ta bi zuriya daga bango zuwa bango har ta iso inda na gan ta.

Na san abin da za ka ce, Sallau, a ba Lemuwel. Ni ma shi na fara cewa. Tsohon nan mai tumaki ya girgiza kai ya ce matacce ba ya karɓar bindiga, kuma Obadiya cewa ya yi a cikinku. Saboda haka ba mafita ta nan.

Ga Jubal, ya shiga ruwan da ba wanda zai shiga, ya ba da hannun da yake ci da shi, in an ba shi bindigar ma ba zai iya harba ta ba. Ga Gaspar, ya karya rantsuwa don ran wanda ya rantse wa, ya yi masa ƙafa bayan ƙafa, ya ƙare ko sannu bai samu ba. Ga Nazariyo, ya ciyar da su duka, ya bar shaida a kansa da hannunsa, wuta ɗaya da bai hura ba ta ci ran bawan Allah, ta ci sunansa, ta raba shi da dutse. Cire ɗaya a cikinsu, Obadiya bai ga bazara ba.

La'asar ta yi nisa, amma ba inda za ku. Malam Ilu, yau da kai za a fara. In kai ne mai kwalekwalen nan, ga su uku a tsaye a gabanka, ga bindiga a hannunka, wa za ka miƙa wa?